A gindin gawo, daga Gezawa zuwa Gumel

'Yar ƙanwata ce ta jawo ni wannan tafiya. Digiri na uku take yi a kimiyyar ƙasa, kuma aikinta a kan itatuwan da ke tsaye cikin gonaki ne: me suke ba ƙasa, me suke karɓa daga gare ta. Da lokacin ɗibar ƙasar gwaji ya zo, uwarta ta ce ba za ta kwana a ƙauyuka ba sai da babba na gida. Ta kira ni ta ce, "Yaya, kai ne ka ajiye aiki, ka taimaka ka raka ta." Ban ja rai ba, domin ni ma ɗan manomi ne, kuma rabona da taka gona da rani an jima.

Mun bar Kano bayan asuba, a ƙarshen ɗari, hazo ya sauko har da ƙyar ake hango motar da ke gaba. Kayan aikin ba su da yawa: ƙarfen haƙa mai murɗaɗɗen baki, bokiti, igiyar awo, damin ledoji da littafin rubutu. Tare da mu akwai wani ɗalibi ɗan ajin ƙarshe da ta ɗauko ya taya ta haƙa.

Muna wuce Jogana na yi mata tambayar da ke cina tun daga gida. Na ce in dai ƙasar daji take nazari, me ya hana ta nufar Falgore, ko ma kudu inda itace ya haɗe sama? Ta ce, "Kawu, leƙa ta taga." Gonaki ne a share, an kwashe kara, amma duk inda ido ya kai itace ne tsaye ɗai-ɗai: ɗorawa, tsamiya, kuka, kanya, darbejiya, ga gawo kore shar a tsakiyar fari. In ka miƙa ido nesa sai su haɗe su yi duhu guda. Ta ce dajinmu ke nan, a gonakin mutane yake, kowace bishiya da mai ita.

Ta ba ni labarin inda wannan fanni ya kafu sosai. A wani daji mai suna Hubbard Brook a arewa maso gabashin Amurka, masana irin su Herbert Bormann da Gene Likens sun fara aiki a 1963. Wurin kwaruruka ne, ƙarƙashinsu dutse, saboda haka duk abin da ruwa ya wanke daga kowane kwari ta rafi ɗaya yake fita. Suka riƙa auna abin da ruwan sama ya kawo da abin da rafi ya tafi da shi. A hunturun 1965 zuwa 1966 suka sare itatuwan kwari guda kaf, suka hana komai tsirowa, sai naitirojin, wato ɗaya daga cikin manyan sinadaran da shuka ke ci, ya ninka fiye da sau 40 a cikin ruwan rafin. A nan aka gani a ma'auni cewa itace mai rai shi ke riƙe abincin ƙasa. "Amma mu," in ji ta, "ba mu da rafin da za mu tare mu auna. Namu abincin ƙasar a kan jaki yake shiga gona, a bayan mota yake fita."

Wannan magana ita na riƙe duk tsawon tafiyar.

Daga Gezawa muka karkata zuwa ƙauyukan Tumbau. Sunan ba baƙo ba ne ga masu wannan karatu. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, wanda ya rasu a 2017, tun shekarun 1960 yake bin yadda mutanen karkarar Kano ke noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, ga yawan jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman wannan yanki tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita: taki nawa aka kai, hatsi nawa aka ɗauke, kara da harawa nawa. Abin da ta nuna shi ne tsarin yana tsaye ne a kan wake da gyaɗa, da awaki da tumaki, da wahalar mutumin da ke kwashe takinsu ya mayar gona.

Sai da muka fara zuwa gaban mai unguwa. Muka gaisa, na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga jami'a, 'yar ƙasa kaɗan muke roƙo." Ya dubi igiyar awon da ke hannun ɗalibin ya ce, "Ba dai awon fili ba ne?" Tambayar tana kan hanya. Mutanen karkarar da ke daf da birni sun sha ganin baƙi da igiya, kuma ba kullum abin ke ƙarewa da alheri ba. Yarinyar ta durƙusa ta yi masa bayani dalla-dalla, ta nuna masa ledar da ba ta fi cin gwangwani biyu ba. Ya haɗa mu da wani dattijo da ke da gawo babba a gonarsa, wanda ya ce shi ma tarar da shi ya yi.

Aikin ɗibar ƙasa ba gaggawa a cikinsa. Ta ja igiya daga gindin bishiyar, ta sa alama a wuri uku: kusa da gindi, bakin inuwa, da can tsakiyar fili inda inuwar ba ta kaiwa. A kowane wuri ɗalibin zai share ganye da kashin dabbobin da ke sama, ya murɗa ƙarfen har santimita 20, ya zare, ya karkaɗe a bokiti. Sai ya sake a wasu ramukan kewaye da wurin, a cakuɗa su duka, a ɗebi kaɗan a ƙulle a leda. Sannan a koma ramukan a ɗebo ta ƙasa, daga 20 zuwa 40, ita ma da tata ledar. Kowace leda takarda biyu take samu, ɗaya ciki ɗaya waje, kuma da fensir ake rubutawa domin biro yana gogewa in danshi ya taɓa shi.

Ta ce in buɗe hannuwana. Ta zuba mini ta gindin gawo a dama, ta fili a hagu. Ta hagun fara ce sol, tana zurarewa ta tsakanin yatsu tun kafin in dunƙule hannu. Ta daman ta fi duhu, da 'yan gudaji a cikinta, da ɓarɓashin ganye da guntayen saiwa sirara. Ta ɗiga wa kowace ruwa daga gorarta. Ta daman ta kama jikinta, ta tashi da ƙamshin nan na ruwan farko. Ta hagun ta shanye ruwan, ta koma yadda take.

Dattijon yana tsaye yana kallonmu. Ya ce, "Malama, wannan ai ba sai an kai jami'a ba. Geron gindin gawo ko a duhu ka shafa zangarniyarsa ka san daban ne." Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Ni dalilin nake nema, da kuma yawansa."

Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne na fara ganin zurfin abin. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, domin saiwarsa tana nitsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ganyen yana faɗuwa daidai lokacin da shuka ke bukatar abinci, kuma rassan da suka zama tsirara ba sa tare wa gero rana. Dangin wake ne, a saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu kamo naitirojin daga iska. Da rani kuma, lokacin da inuwa ke wuya, a gindinsa dabbobi ke wuni, suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi da fitsari. Tun a 1965 wasu masana biyu, Charreau da Vidal, suka auna a Senegal suka tabbatar geron gindinsa ya fi na fili nesa ba kusa ba. Daga baya masu bincike a tashar binciken noma ta Sadore da ke kusa da Yamai suka ƙaro abu biyu. Na ɗaya, 'yar inuwar rassan tana rage zafin ƙasa a lokacin da tsiro ke ƙarami, lokacin da rairayi ke ƙona shi. Na biyu ya fi ɗaure kai: akwai alamar cewa wasu gawon sun rayu sun girma ne domin tun farko a wuri mai ƙarfi suka faɗo, kamar tsohon suri. Wato ba duk albarkar da ake gani a gindinsa ce shi ya kawo ta ba.

Wani zai ce wannan ƙwanƙwance ne na 'yan boko, tunda dai geron ya yi kyau. Ni ban ga haka ba. In kashin dabba ne ya fi yawa a cikin albarkar, to wanda ya raini gawo ba shi da ko akuya ba zai sami abin da maƙwabcinsa ya samu ba. In kuwa wurin ne, to inda za a dasa shi ya fi yawan da za a dasa muhimmanci. Bishiyar da sai ta shekara da shekaru kafin a ci moriyarta, bai kamata a ce wa talaka ya ba ta wuri a 'yar gonarsa da ka kawai ba.

Muna nan wani yaro ya shigo gonar da jaki, mangala cike da taki. Ya juye, ya yi tsibi, ya koma. Gonar duk tsibi-tsibi ne a jere, suna jiran a baza su gab da shuka. Yarinyar ta tsuguna ta tona ɗaya da tsinke. Kashin awaki ne da na tumaki, da tokar murhu, da ƙaiƙayi, da guntun karan da dabbobi suka tattake, da sharar tsakar gida. Ta ce wanda ake sayowa daga bolar birni shi ma yana da amfani, sai dai yanzu leda ta yi masa yawa, har da fasassun kwalabe da matattun batura. Dattijon ya kai mu gidansa muka ga tushen abin: harawar wake a ɗaure a kan rufin ɗaki da cikin rassan darbejiya, awaki a turke, ƙarƙashinsu takin yana taruwa. Wake ya kamo naitirojin daga iska, akuya ta ci harawa, matar gida ta share turke, yaro ya ɗora wa jaki. A dajin da ba kowa, ganye ne ke faɗuwa ya ruɓe a inda yake. A nan sai an bi kowane mataki da hannu, kuma ranar da hannun ya gaji ko aka sayar da awakin, ranar zagayen ya tsaya.

Akwai bambancin da ta nanata mini, ni ma ina so mai karatu ya riƙe shi. Naitirojin ana iya samo sabo, domin kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, kuma wake da gyaɗa da gawo suna jawo shi. Amma fosfaras da fotashiyam, waɗanda su ma abincin shuka ne, babu bishiyar da ke ƙirƙirarsu. Iyakarta ta zaƙulo su daga zurfi ko daga gefe ta tara a gindinta. Duk buhun geron da ya tafi kasuwar Dawanau, duk damin harawar da aka kai wa ragunan birni, da rabonsa na fosfaras ya tafi. Gona rumbu ce, in ana ɗiba sai an zuba. A 1990 wasu masana na ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, suka ƙiyasta cewa a tsakaice kowace hekta ta gonakin Afirka kudu da Sahara tana asarar kilo 22 na naitirojin, da 2.5 na fosfaras, da 15 na fotashiyam a shekara.

Ɗaya daga cikin masu zubawar ashe hazon nan ne da ya dame mu tun safe. Ta goga yatsa a gilashin mota ta nuna mini farar ƙurar. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, inda a zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne. Tana ɗauke da kalsiyam da fotashiyam da ɗan fosfaras, tana sauka a gonakinmu kyauta kowace shekara, kuma itatuwa suna tare ta a ganyensu har ruwa ya wanko ta ƙasa. Ƙurar Sahara har tekun Atilantika take ƙetarewa. Wani bincike na hukumar sararin samaniyar Amurka a 2015 ya ƙiyasta tana kai wa dajin Amazon kusan tan 22,000 na fosfaras a shekara. Na daɗe ina kallon hazo a matsayin mura da tsagewar leɓe kawai.

Daga nan muka miƙa ta Ringim da Gujungu zuwa Gumel. Tun kafin a isa za ka ga ƙasa ta sauya. Ɗorawa ta ja baya, aduwa da bagaruwa da kaba suka karɓe, gonaki suka yi faɗi, itatuwa suka yi nisa da juna. Ƙarfen da ɗalibin ke murɗawa da ƙarfi a Gezawa, a nan shigewa yake ba musu, sai dai in an zaro shi rabin rairayin ya zube kafin a kai bokiti. Ta ce ruɓaɓɓen ganye da saiwa, wanda su suke aunawa da sunan kabon, a irin wannan ƙasa yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ko rabin haka. Shi ne kuwa ke riƙe ruwa da abinci a cikin rairayi. In babu shi, ka zuba yuriya, ruwa biyu masu ƙarfi sun wuce da ita inda saiwar gero ba ta kaiwa.

Wani magidanci da muka yi aiki a gonarsa ya faɗi haka da nasa harshen. Ya ce, "Malam, kamfa da yuriya suna tashin shuka, amma ba sa kwana a gona. Takin gida kuwa ka zuba bana, baɗi ma ka ci." Yarinyar ta ce masa a Samaru ta Zariya akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana gwada kashin shanu da takin zamani, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe. Abin da shekarun suka nuna shi ne takin naitirojin shi kaɗai yana sa ƙasa tsami, haɗin biyun ne ke riƙe ƙarfinta. Ya ce to shi matsalarsa ba sani ba ce, dabbobin ne babu, gonar kuma da nisa.

Gonarsa cike take da sabara da kalgo, kuma ya ce kafin ruwa zai sassabe su ya tara ya cinna wuta, kamar kowa. Nan ta daɗe tana magana da shi. Wuta tana tafiya da naitirojin da kabon sama cikin hayaƙi, tokar da ta rage kuma iskar bazara ta kwashe rabinta. In ya sare ya bar ganyen a gonar, gara za ta ja shi cikin ƙasa. Ta ɗaga wani karan gero da ke yashe, gara ta lulluɓe shi da jar ƙasa, ta ɓare mana: ciki duk hanyoyi ne, karan ya zama ɓawo. Ta ce a ƙasar sanyi tsutsar ƙasa ce ke wannan aiki, a nan gara ce, kuma ramukanta ne ke buɗe fako ruwa ya shiga. Ta ƙara da cewa a Senegal an gano sabara tana jawo ruwa daga zurfi da dare ta sake shi a ƙasar sama, har geron da ke kusa ya samu. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa, tun shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a rene su, a sare sauran. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili da ya kai hekta miliyan 5. Magidancin ya ce ya gani da idonsa, domin yana da 'yan'uwa a tsallaken Maigatari. Abin da ke hana shi, in ya rena, wani ne zai zo da dare ya sare.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin duk hanya tulin itacen girki muke gani a bakin titi, da buhunan gawayi, suna jiran motar birni. Mu mazauna birni mu ne masu sayen. A gidan da muka sauka na ga uwargida tana hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, wato abincin gonar baɗi ne ke dafa tuwon yau. Ba zan ga laifinta ba ko kaɗan. Duk mai son ƙasar Jigawa ta yi ƙarfi, sai ya fara da tambayar da me za a yi girki.

Mun wuce layukan darbejiya da turare da aka dasa don tare iska. Suna aikinsu, amma manomi ba ya son shuka a jikinsu. Ta ce a Yambawa kusa da Ɗambatta an yi bincike a kan shingen turare, aka ga saiwarsa tana shiga gona tana ƙwace wa gero ruwa, kuma da aka haƙa rami aka datse saiwoyin sai amfanin gefen ya ƙaru. Yanzu da ake maganar Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa a faɗin Afirka don tare hamada, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, kuma Kano da Jigawa suna cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya, irin wannan sani ne ya kamata ya riga dashe zuwa fili.

Da dare a tsakar gida na tambaye ta ko ba ta gajiya. Ta ce gajiyar fili ba komai ba ce, ta ɗakin gwaji ta fi. Sinadaran gwaji da tsada, wuta tana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kuɗin bincike sau da yawa daga aljihu. Ga jira. Kabon ɗin ƙasa ba ya motsi a shekara ɗaya ko biyu yadda ma'auni zai gani, saboda haka mai wannan sana'a yakan fara abin da ɗalibansa ne za su ga ƙarshensa. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake aunawa tun 1843, da kwalaben ƙasar da magabata suka ɗiba a ajiye har yau. Burinta ke nan: filaye ƙalilan a Kano da Jigawa da za a riƙa komawa ana aunawa, ko bayan ba ta. Ta ce 'yan ajinsu da yawa sun guji fannin domin suna ganin wasa da ƙasa ne, wasu kuma suna ɗauka sai an je kurmi ake nazarin daji. Ni da na koyar da yaran manoma shekara da shekaru, na san da yawansu sun san sabara da kalgo da jigawa da dabaro tun kafin su iya karatu. Su ne suka fi cancanta da wannan aiki, in an nuna musu cewa abin da ke gonar ubansu ilimi ne da ake neman digiri a kansa.

Da muka dawo Kano, a zaurena aka shanya ƙasar, kowace leda a kan takardarta, a inuwa, domin ba a shanya ta a rana. In ta bushe za a murtsuke ta, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, sannan a kai ɗakin gwaji. Kabon za a auna shi da hanyar Walkley da Black ta 1934, naitirojin da ta Kjeldahl ta 1883, tsofaffin hanyoyi amma har yau da su ake aiki. Da damina za ta koma ta kafa turaku a wuraren da ta ɗebi ƙasa, da kaka ta auna zangarniya da karan kowane wuri daban. Dattijon Tumbau ya kafa mana sharaɗi kafin mu taso, cewa duk abin da aka gani a ƙasarsa a dawo a gaya masa, kada a kai Turai shi bai ji ba. Boko bai yi ba, amma yana karanta ajami sarai, saboda haka ni na ɗauki nauyin rubuta masa sakamakon gonarsa da ajami, ita kuma za ta kai masa in ta je kafa turakun.